Bursa: Birnin da Usmaniyawa Suka Fara Kafa Gadon Sarauta

Kudu da tekun Marmara, a gindin dutsen Uludag mai tsawon mita 2,543, akwai wani tudu mai faɗin kai. Ruwan sanyi na gangaro masa daga saman dutse, ruwan zafi kuma na ɓuɓɓugowa daga ƙasa ta yammacinsa. A kan wannan tudu aka fara kafa Bursa. Yau garin ya malala cikin fadamar da ke ƙasa, mutanen lardinsa sun haura miliyan uku, kuma shi ne na huɗu a Turkiyya bayan Santambul da Ankara da Izmir. Amma tsohon garin yana nan inda yake. An gina shi ne sarki bayan sarki, kowa da unguwarsa, ta yadda baƙon da ya bi unguwannin bisa jerin waɗanda suka kafa su zai iya taka tarihin da ƙafarsa cikin kwana biyu.

Prusa, kafin zuwan Turkawa

Sunan garin na farko Prusa, daga sunan Prusiyas na Ɗaya, sarkin ƙasar Bitiniya, wanda ya yi mulki a ƙarshen ƙarni na 3 da farkon ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tsofaffin marubutan Rumawa sun ce Hannibal, jarumin Kartaj ta ƙasar Tunisiya ta yau, shi ya zaɓa wa sarkin wurin. Gaskiya ne Hannibal ya ƙare rayuwarsa yana gudun hijira a fadar Prusiyas, ya kuma mutu a Bitiniya wajen shekara ta 183 kafin haihuwar Annabi Isa. Batun cewa shi ya zana garin kuwa, ruwaya ce da aka rubuta ƙarnoni bayan mutuwarsa.

A shekara ta 74 kafin haihuwar Annabi Isa, sarkin Bitiniya na ƙarshe, Nikomedis na Huɗu, ya bar wasiyyar ƙasarsa ga Rum, Prusa ta koma garin lardi a babbar daula. Daga wannan zamani muna da shaida a rubuce mai ban sha'awa. Wajen shekara ta 110 miladiyya, gwamnan lardin, Pliny Ƙarami, ya rubuta wa Sarki Tirajan wasiƙa yana cewa gidan wankan Prusa ya tsufa ya ƙazantu, mutanen gari na neman izinin gina sabo. Kusan shekara dubu biyu ke nan, kuma har yau wanka da ruwan zafin ƙasa na cikin manyan abubuwan da ke kai mutane garin.

Da daular ta rabu biyu, Prusa ta faɗa ɓangaren gabas, wanda Larabawa ke kira Rum, mai hedkwata a Ƙusɗanɗiniyya, wato Santambul ta yau. Ƙarni bayan ƙarni ta zauna a inuwar maƙwabciyarta Nikiya, wato Iznik ta yau, wadda ta fi ta suna. Dutsen da ke kanta ya cika da gidajen sufayen Kirista masu neman kaɗaici. Ana cewa a zamanin Sarki Jastiniyan, tsakiyar ƙarni na 6, wasu sufaye biyu suka sato ƙwayayen tsutsar siliki daga gabas cikin sandunan gora, daga nan kiwonta ya shigo ƙasar Rum. Ko nawa ne daga cikin silikin ya iso Prusa a lokacin, babbar kasuwarsa dai sai bayan shekara ɗari takwas za ta buɗe.

Daga 1071 zuwa 1326

Abin da ya sauya Anatoliya, yankin da garin yake ciki, baki ɗaya shi ne yaƙin Manzikart na 1071, inda Turkawan Saljuƙ suka karya rundunar Rum. Cikin shekara goma sun iso har Iznik. Mayaƙan Salibi na farko suka ƙwato ta a 1097, yankin ya koma hannun Rum. A 1204 wani ayarin Salibiyawan ya afka wa Ƙusɗanɗiniyya kanta, ya wawashe ta, sarakunan Rum suka gudo Iznik suka kafa fada. A tsawon zamansu can, sun kula da kan iyaka sosai, domin gidansu ne. Da suka koma Ƙusɗanɗiniyya a 1261, hankalinsu da dukiyarsu suka karkata Turai, aka bar garuruwan Bitiniya da 'yan tsirarun dakaru da haraji mai nauyi.

A daidai wannan lokaci Mongolawa sun murƙushe Saljuƙawa a yaƙin Kosedag na 1243, makiyayan Turkawa suka yi ta kwararowa yamma da garkunansu suna neman inda hannun Mongol bai kai ba. Cikinsu akwai wani ƙaramin ayari da ya sauka a Sogut ƙarƙashin Ertugrul. Masu kallon fina-finan Turkiyya masu dogon zango sun san sunan nan sarai, sai dai ya kamata a faɗa: abin da tarihi ya tabbatar game da Ertugrul bai cika shafi guda ba. Akwai tsabar kuɗi da ke ɗauke da sunan Usman ɗan Ertugrul, akwai kabarin Ertugrul a Sogut. Sauran duk ruwaya ce da ƙirƙirar masu fim.

Haka ma mafarkin Usman. An ce ya kwana a gidan Shehu Edebali, ya yi mafarki wata ya fito daga ƙirjin malamin ya shiga nasa, sai bishiya ta tsiro daga cibiyarsa, inuwarta ta rufe duniya. Malamin ya fassara masa da mulki, ya aurar masa da 'yarsa. Labarin ya bayyana ne a littattafan ƙarshen ƙarni na 15, lokacin da bishiyar ta riga ta yi rassa, marubutan fada kuma na neman tushen da ya dace da girmanta. Abin da wani marubucin Rum na zamanin ya shaida shi ne yaƙin Bafiyus na 1302, kusa da Izmit, inda Usman ya fatattaki rundunar da aka aiko masa. Daga ranar ƙauyukan Bitiniya suka zama nasa, biranen masu ganuwa suka rage kamar tsibirai.

Usman ba shi da kayan fasa ganuwa, Bursa kuma tana kan tudu mai gangara ta fuska uku. Don haka ya gina ƙananan sansanoni biyu, ɗaya ta gefen dutse, ɗaya ta gefen ruwan zafi, ya tare hanyoyin abinci, ya zauna jira. Ƙawanyar ta kai wajen shekara goma. Ranar 6 ga Afrilu 1326 garin ya miƙa wuya ga ɗansa Orhan, yunwa da yanke ƙauna suka yi aikin da takobi bai yi ba. Marubutan Usmaniyya sun ruwaito cewa da aka tambayi wani babban jami'in garin dalilin sallamawa, ya ce sun ga ƙauyawan da ke ƙarƙashin Turkawa sun samu kwanciyar hankali har sun daina tuna su. Ruwayar mai nasara ce, amma ta yi daidai da abin da aka sani na harajin Rum a lokacin.

Ruwaya ta ce labarin nasarar ya iske Usman a gadon ajali, kuma ya bar wasiyya a binne shi ƙarƙashin wata ƙubba mai ƙyalli da yake hangowa daga nesa. Masana da dama na ganin ya rasu tun 1323 ko 1324, domin akwai takardar wakafi ta 1324 da ke nuna Orhan ne ke mulki. Ko ta yaya, gawarsa tana Bursa, a unguwar Tophane da ke cikin tsohuwar ganuwa, kusa da ta Orhan. A nan ya kamata baƙo ya fara. Daga bakin dandalin, gefen hasumiyar agogo ta 1905, ana ganin garin gaba ɗaya shimfiɗe a ƙasa, kuma mutum zai gane nan take dalilin da ya sa aka kasa hawa tudun da yaƙi.

Orhan da dabarar wakafi

Shekara guda bayan cin garin, Orhan ya buga tsabar azurfa da sunansa a Bursa, alamar cewa shugaban makiyaya ya zama sarki. Ya ci Iznik a 1331, Izmit a 1337. A farkon shekarun 1330 Ibn Battuta ya ratsa garin, ya siffanta shi da kyawawan kasuwanni da faffaɗan tituna da lambuna da maɓuɓɓugai, ya ce Orhan ne mafi girman sarakunan Turkawa, yana da kagarai kusan ɗari da yake zagayawa ba ya zama wuri ɗaya. Wannan matafiyin ne dai, bayan shekara ashirin, ya iso Takedda ta ƙasar Nijar ta yau, ya ambaci tagullar da ake kaiwa Gobir da Borno.

Abin da Orhan ya yi a 1339 shi ne, a ganina, mabuɗin fahimtar Bursa. Ya fita bayan ganuwa, inda babu kowa sai fili, ya gina masallaci da makaranta da gidan ciyar da talakawa da gidan wanka da masaukin fatake. Gidan wankan da masaukin su ke kawo kuɗi, kuɗin kuma an yi wakafinsu ga masallacin da makarantar da tukunyar abinci, aka haɗa musu da harajin wasu ƙauyuka. Inda aka samu sallah da karatu da tuwo kyauta da ciniki, mutane ba sa jiran a kira su. Cikin 'yan shekaru unguwa ta tsiro. Masaukin fataken nan, Emir Han, yana nan har yau a tsakiyar kasuwa. Duk sarkin da ya biyo baya sai ya zaɓi wani tudu can nesa da gari ya maimaita dabarar, gari kuma ya miƙe ya tarar da shi.

Akwai tatsuniya da ake jingina wa ginin masallacin Orhan. Wai cikin ma'aikata akwai wasu biyu, Karagoz da Hajivat, waɗanda barkwancinsu ya hana aiki ci gaba, sarki ya fusata ya sa aka kashe su. Da ya yi nadama, wani shehi ya yanka siffofinsu da fata, ya kunna fitila bayan farin ƙyalle, ya dawo da muryoyinsu. Masu bincike da yawa sun fi karkata ga cewa wasan inuwa ya shigo ne daga Masar bayan 1517. Mutanen Bursa ba su damu da wannan ba: sun gina wa mutanen biyu abin tunawa da gidan tarihi a kan hanyar Cekirge, inda ake nuna wasan.

Cekirge ita ce unguwar ruwan zafi, kuma a can Murad na Ɗaya, wanda ya hau mulki a 1362, ya kafa tasa cibiyar. Masallacinsa ba shi da na biyu a tsari, domin sallah a ƙasa ake yi, ɗakunan ɗalibai kuma a bene. A zamaninsa aka ci Edirne a ɓangaren Turai, fada ta fara komawa can. Aka kashe shi a fagen yaƙin Kosovo a 1389, aka ɗauko gawarsa tun daga can zuwa Bursa. Tsohon gidan wankan da ke ƙasan masallacin, Eski Kaplija, yana aiki har gobe, maza da mata kowa da ɓangarensa.

Ƙubba ashirin, sannan Timur

Ɗan Murad, Bayazid na Ɗaya, ya karya haɗakar rundunonin Turai a Nikopolis, bakin kogin Danube, a 1396. An ce kafin yaƙin ya yi bakancen gina masallatai ashirin, sai surukinsa, malamin nan ɗan Bukhara da ake kira Emir Sultan, ya ba shi shawarar ya gina ɗaya mai ƙubba ashirin. Ulu Jami ke nan, babban masallacin Juma'a, wanda aka gama a 1399: ƙubbobi 20 a kan ginshiƙai 12.

Abin da ke fara kama mai shiga shi ne ƙarar ruwa. A tsakiyar masallacin, ƙarƙashin ƙubbar da aka rufe da gilashi, akwai tafkin marmara da famfuna kewaye, mutane na zaune suna alwala a cikin masallacin kansa, hasken rana na sauka a kansu. Ruwaya ta ce wata tsohuwa ce ta ƙi sayar da gidanta da ke wurin, da aka karɓe shi daga baya sai malamai suka ƙi yarda a yi sujada a ƙasar da ba a samu da yardar mai ita ba, aka mai da wurin na alwala. Babu takardar da ta tabbatar da haka, amma irin labarin da gari ke zaɓa ya riƙe yana nuna abin da yake girmamawa. Bango da ginshiƙai kuwa cike suke da rubutun zayyana guda 192, wasu haruffan sun fi mutum tsawo. Mumbarin katako ne da aka sassaƙa gunduwa-gunduwa aka sarƙe su cikin juna. Limamin wannan masallaci ne, Sulaiman Celebi, ya rubuta waƙar maulidi a 1409, wadda Turkawa ke karantawa har yau a wajen suna da zaman makoki.

Shekara uku da gama ginin, komai ya watse. A Yulin 1402 Timur, sarkin Samarkand, ya gamu da Bayazid a kusa da Ankara, wasu dakarun Bayazid suka sauya sheƙa a tsakiyar yaƙi, aka kama sarkin da ransa, ya mutu a tsare a 1403. Jikan Timur ya iso Bursa da dawakai, aka kwashe baitulmali, aka cinna wa gari wuta, aka tafi da masu sana'a Samarkand. 'Ya'yan Bayazid suka shafe shekara goma sha ɗaya suna yaƙar juna. A 1413 sarkin Karaman ya ga gida babu mai shi, ya zo ya yi wa Bursa ƙawanya, ya ƙone masallacin Orhan, amma Haji Ibaz Pasha ya riƙe ganuwa har ya janye.

Mehmed na Ɗaya, wanda ya fito da rai daga rikicin 'yan'uwan, shi ya ɗora wa wannan Haji Ibaz aikin gina Yeshil Jami, Koren Masallaci, a gabashin gari. An gama ginin wajen 1419, ado kuma a 1424. Mai kula da adon, Nakkash Ali, yana cikin waɗanda Timur ya tafi da su Samarkand, ya dawo da abin da idonsa ya gani a can, masu yin tayil ɗin kuma sun sa hannu a jikin mihrabi cewa su mutanen Tabriz ne. Wato fasahar wanda ya rusa garin da ita aka ƙawata alamar farfaɗowarsa. Mehmed ya rasu a 1421, aka binne shi a hubbaren mai kusurwa takwas da ke tsallaken titi, wanda aka lulluɓe da tayil shuɗi-kore. Wanda ya duba fuskar masallacin da kyau zai ga wuraren da aka tanada don rumfar ƙofa wadda ba a taɓa ginawa ba, domin mai aikin ya riga ya tafi.

Muradiye, maƙabartar 'ya'yan sarki

Murad na Biyu ya gina tasa cibiyar a 1426. Shi ne na shida kuma na ƙarshe cikin sarakunan da aka binne a Bursa. Ya rasu a 1451, ya bar wasiyya kada a rufe saman kabarinsa, don ruwan sama ya riƙa sauka a kai, kuma haka aka yi: ƙubbar a buɗe take a tsakiya, kabarin ƙasa ce zalla. Shekara biyu bayan haka ɗansa Mehmed na Biyu ya ci Ƙusɗanɗiniyya, sarauta ta tare a Santambul ba ta sake waiwayowa ba.

Abin da Bursa ta ci gaba da karɓa daga gidan sarauta shi ne gawawwakin waɗanda suka faɗi a neman gado. A 1481 Jem, ɗan Mehmed na Biyu, ya shiga garin ya ayyana kansa sarki, aka yi huɗuba da sunansa, aka buga kuɗi. Bai cika wata guda ba ɗan'uwansa Bayazid na Biyu ya kore shi. Ya gudu Masar, ya yi aikin hajji, ya faɗa hannun mayaƙan Kirista na tsibirin Rodos, suka kai shi Faransa, daga nan hannun Paparoma, Bayazid na biyan kuɗi duk shekara don a ci gaba da tsare shi. Ya mutu a Italiya a 1495, sai 1499 aka dawo da gawarsa. Kusa da shi akwai Mustafa, ɗan Sulaiman Mai Girma, wanda mahaifinsa ya sa aka shaƙe a 1553. Lambun Muradiye na da hubbarori goma sha biyu a inuwar tsofaffin bishiyoyi, kuma masu yawon buɗe ido ba su cika cunkoso a can ba.

Zamanin siliki

Garuruwa da yawa na mutuwa idan fada ta tashi daga cikinsu. Bursa ta ƙara arziki ne, saboda ta zauna a mahaɗar hanya. Ayarin raƙuma na ɗauko ɗanyen siliki daga Gilan, bakin tekun Kaspiyan, su bi ta Tabriz su sauke a nan. 'Yan kasuwar Janowa da Benis da Fulorans na jiransu da yadin ulu da tsabar kuɗi. Kowane kaya sai an ɗora shi a sikelin hukuma an biya haraji. A 1491 Bayazid na Biyu ya gina Koza Han, ya yi wakafin kuɗin hayarsa ga masallacinsa na Santambul. Bene ne mai hawa biyu kewaye da tsakar gida, da ɗan ƙaramin masallaci a tsakiya da aka ɗora a kan wurin alwala.

Wajen shekara ta 1500 akwai masaƙu kusan dubu a garin, suna fitar da karan-miski da yadi mai zaren zinariya da ake ɗinka wa sarakuna riguna. Rajistar alƙalan Bursa, wadda ta tsira har yau, ta nuna cewa da yawa daga masaƙan bayi ne da suka ƙulla mukataba da iyayengijinsu: ka saƙa kaza, ka fanshi kanka. Wasunsu sun zama masu masaƙa daga baya. A 1502 aka fitar da dokar kasuwar Bursa, wadda ta ƙayyade nauyin burodi da farashin nama da 'ya'yan itace, har da yawan zaren da ya wajaba a samu a kowane irin yadi, bayan an gano masaƙa na rage zare. Turkawa na alfahari da ita a matsayin ɗaya daga tsofaffin dokokin ingancin kaya a duniya.

Siyasa ce ta fara kawo cikas. Salim na Ɗaya, a yaƙinsa da Safawiyawan Iran a 1514, ya haramta shigo da silikinsu, ya ƙwace kayan fatake. Ya yi nufin talauta abokin gaba, amma masaƙan Bursa ne suka fara jin jiki. Sulaiman ya ɗage haramcin bayan 1520, sai dai yaƙe-yaƙen Iran sun ci gaba da yanke hanya, wannan ya tura manoman yankin dasa bishiyar da tsutsar ke cin ganyenta, su yi kiwonta da kansu. A 1607 'yan tawayen Jalali suka afka wa garin. Duk da haka, da matafiyi Evliya Celebi ya zo a 1640, abin da ya fi cika masa ido shi ne yawan maɓuɓɓugai da famfunan kan titi.

1855 da abin da baƙi suka kawo

Ranar 28 ga Fabrairu 1855 girgizar ƙasa ta jijjiga Bursa, wata ta biyo baya a Afrilu tare da gobara. Ƙubbobi 18 na Ulu Jami suka rufta, hubbarorin Usman da Orhan suka rushe. Waɗanda ake gani a yau Sarki Abdul'aziz ne ya sake gina su a 1863, don haka adonsu na ƙarni na 19 ne. Cikin mazauna garin a lokacin akwai Amir Abdulƙadir na Aljeriya, wanda Faransa ta sako ya zauna nan tun 1853. Bayan girgizar ya koma Dimashƙa.

A wannan ƙarni masana'antun warware siliki masu aiki da tururi suka cika garin, yawancin ma'aikatan 'yan mata ne Girkawa da Armeniyawa, zaren kuma Liyon ta Faransa ake kai shi. Cuta ta kashe tsutsotsin a shekarun 1850 da 1860, sai da aka buɗe makarantar kiwon siliki a 1888 bisa hanyar Pasteur ta tantance ƙwai kafin sana'ar ta miƙe. Bayan yaƙin Rasha na 1877 zuwa 1878 kuma, dubban Musulmi 'yan gudun hijira daga Balkan da Kaukasus suka sauka a lardin. Ƙwallon niƙaƙƙen naman da ake kira kofte na Inegol, wanda ake gasawa ba tare da yaji mai yawa ba, baƙin Bulgeriya ne suka zo da shi.

Abincin da ya fi fitar da sunan garin ma na wannan zamani ne. Zuriyar Iskandar Efendi sun ce a 1867, a kasuwar Kayhan, kakansu ya fara tsayar da naman rago a tsaye gaban garwashi yana yanko shi siriri-siriri. Wasu garuruwan na jayayya kan wanda ya fara, amma ba a jayayya kan farantin da ke ɗauke da sunansa. Ana yayyanka gurasa a shimfiɗa a ƙasa, a jera nama a kai, a zuba miyar tumatir, a ajiye kindirmo mai kauri a gefe da gasasshen tattasai. Bayan an dire maka, sai wani ya zo da kasko yana tafasa, ya kwarara man shanu a kai yana ƙauri, ba zai tsaya ba sai ka ɗaga hannu. Da rana ake cinsa, wanda ya ci da dare shi da barcinsa. Mai ƙaramin aljihu ya nufi Kayhan ya nemi pideli kofte, wanda tsarinsa ɗaya ne amma da ƙwallon nama, kuma tun asali abincin masu ƙaramin ƙarfi ne. Da safe akwai gurasar da aka shafe da niƙaƙƙen riɗi da sukari, mai zafi daga tanda. Tsarabar gari kuwa ita ce kestane da aka dafa cikin ruwan sukari, ɗan itacen da ke fitowa a gangaren Uludag.

Ƙarni na 20 zuwa yau

A 1915 aka kwashe Armeniyawan garin. Ranar 8 ga Yuli 1920 sojojin Girka suka shiga Bursa, majalisar Ankara ta lulluɓe mumbarinta da baƙin ƙyalle, ba ta cire ba sai da aka ƙwato garin ranar 11 ga Satumba 1922. Wata guda bayan haka aka sa hannu kan tsagaita wuta a Mudanya, tashar ruwan Bursa, a wani farin gida da yanzu gidan tarihi ne. Musayar jama'a ta 1923 ta tafi da Girkawa ta kawo Musulmin Girka. Masu sana'ar siliki da yawa sun tafi a waɗannan shekaru, zaren roba kuma ya ƙarasa abin da ya rage.

Jamhuriya ta mai da Bursa garin masana'antu. Ataturk ya buɗe masaƙar Merinos a 1938, kamfanonin Tofaş da Oyak Renault suka fara ƙera motoci a 1971, wani sabon ayarin Turkawan Bulgeriya ya iso a 1989. Kuɗi ya shigo, amma fadamar da ta yi suna da lambuna siminti ya cinye mafi yawanta, kuma dogayen benayen da aka dasa dab da tsohuwar kasuwa abin takaici ne ga duk mai kallo daga Tophane. A 2014 UNESCO ta sa kasuwar da cibiyoyin sarakunan da ƙauyen Jumalikizik cikin kayan tarihin duniya.

Ƙauyen nan na cikin waɗanda aka yi wakafinsu ga cibiyar Orhan. Yana gabas da gari a gindin dutse, gidajensa na dutse da katako ne masu fenti shuɗi da rawaya, ruwa na bin tsakiyar lungunan da aka shimfiɗe da duwatsu. Matan ƙauyen na ba da karin kumallo a tsakar gidajensu. A je a tsakiyar mako, domin Asabar da Lahadi ba wurin sa ƙafa, kuma a sa takalmi mai kama ƙasa.

Mai zuwa daga Santambul na da hanya biyu: jirgin ruwa zuwa gaɓar Mudanya cikin kamar awa biyu, sannan bas da jirgin ƙasa na cikin gari, ko kuma mota ta gadar Osmangazi da aka buɗe a 2016. Jirgin ruwan kan fasa tashi idan iska ta yi ƙarfi, musamman da hunturu. Afrilu zuwa Yuni da Satumba zuwa Oktoba sun fi daɗin yawo. Mai son ganin dusar ƙanƙara ya zo tsakanin Disamba da Maris, ya hau keken igiya da ke kai mutane Uludag tun 1963, amma ya tanadi rigar sanyi ta gaske. Shiga masallatai kyauta ne, mata su riƙe mayafi, ranar Juma'a kuma a sammaka zuwa Ulu Jami.

A Koza Han har yanzu ana sayar da gyale da yadi a bene, ƙasa kuma masu shayi ne suka cika tsakar gidan. Sai dai yawancin zaren yanzu daga waje ake shigo da shi, kuma ba duk abin da ke sheƙi ne siliki ba. Mai shagon da ya yarda da kayansa zai zare zare ɗaya ya kunna masa ashana a gabanka: na gaske yana warin ƙonannen gashi ya bar toka mai murƙushewa, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. Ana taya farashi, kuma tawul ɗin Bursa, wanda ke da tasa kasuwar a gefen Ulu Jami, ya fi gyalen sauƙin kuɗi.